Shu'aibu Mai Kwalba, Bayan Shekara Goma

Shekara goma ke nan da muka binne Shu'aibu a wata maƙabartar Musulmi da ke gefen Kuala Lumpur, ƙasa jiƙe sharkaf da ruwan la'asar. Duk shekara idan watan ya kewayo, nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagara, kuma zan faɗi dalili.

Gida ɗaya muka zauna da shi a unguwar Taman Melati kafin iyalinsa su iso. Ni lissafi na zo karantawa, shi aikin gona, kuma binciken digirinsa na uku a kan inabi yake. Jikinsa ne kawai a Malesiya. Zuciyarsa tana can tsandaurin ƙauyensu a bayan Gumel, inda yake mafarkin wata rana manomi zai tsinko inabi a gonarsa, ya ci, ya shanya saura ya zama zabibi. Mu kam dariya muke masa. Nakan ce, mutumin da gero ma sai da addu'a yake yi a garinsu, shi ne zai kawo mana inabi.

A neman da yake yi ya gano wani yanki a tsakiyar ƙasar Sifen da ake kira La Manca. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ga rana, ga ƙarancin ruwa, amma inabi ya cika shi. Manoman can ba sa ɗora kurangar a kan rumfa. Sukan bar ta gajeriya kamar tsohuwar sabara, su ba da tazara mai faɗi tsakanin wannan da waccan, don kowace ta samu ɗan ruwan da ke ƙasa. Abin da ya hana Shu'aibu sukuni ke nan. Sai dai yankin ba da inabin ci ya yi suna ba. Da jar giya mai araha aka san shi, kuma daga nan matsalar ta faro.

Shu'aibu yakan yi ƙorafin cewa littattafan da ya samu yankunan giya mai tsada suke yi wa kirari, na talakawa kuwa sai a ba su layi biyu. Inda ya fi samun abin da yake so shi ne bayan kwalba: sunan ƙauye, irin inabin, tudun da aka noma shi, wani lokaci har da yanayin ƙasar. Wanda ya san manyan kantunan garin nan ya san akwai lungun da ake keɓe wa giya da naman alade, da rubutu ɓaro-ɓaro cewa ba na Musulmi ba ne. Can Shu'aibu yake shiga da hularsa zanna, ya juya kwalba da hankici don ko taɓa ta ba ya son yi, ya ɗauki hoton bayanta, ya fito. Da yake masu arahar a katakon ƙasa ake jera su, kullum a tsugune yake. Matar da ke tsaron wurin, wata Basiniya, ta taɓa ce masa, “Muslim tak boleh, lah,” wato bai halatta gare shi ba. Ya ce mata karatu ya zo yi. Daga baya ita take juya masa kwalaben.

Na gargaɗe shi, ban ɓoye ba. Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ya ce, “Malam, ni kurangar nake bi. Abin da suka yi da 'ya'yanta, su da Allahnsu.”

Wata Asabar wani ɗan uwanmu ɗalibi, wanda ba zan kama sunansa ba, ya hango shi a tsugune a lungun nan a wani kanti a unguwar Cheras. Bai yi masa sallama ba, bai tambaye shi ba. Kafin Juma'a ta zagayo, babu gidan Bahaushe daga unguwar Setapak zuwa Cheras da labarin bai shiga ba, kuma a hanya ya yi ƙiba: an gan shi da leda, an ji wari a bakinsa. Mutanen da suka ƙetare teku don koyon bincike, ba a samu mutum ɗaya da ya binciki wannan ba. A taron ɗalibai na miƙe na yi bayani har muryata ta dishe, na ce ga hotunan a wayarsa, ga kurangar da yake gwaji da ita a barandar gidan da muka zauna tare. Aka ce mini gani ya kori ji. Na ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ƙarya. Aka ce ai dole in kare abokina.

Daga ranar ba a sake tura shi gaba ya ja salla ba, shi da ya fi mu karatu. Mata suka ɗauke ƙafa daga gidan matarsa. Aka laƙaba masa suna Mai Kwalba, tun ana faɗa a bayan ido har yara suka ɗauka sunan wasa ne. Bai taɓa tanka wa kowa ba, kuma wannan haƙurin nasa har yau yana ba ni haushi. Zazzaɓin denge, wanda sauro ke yaɗawa, ya ɗauke shi bai kammala karatun ba, bai kuma taka La Manca ba. A wajen jana'iza na ji yadda wasu ke jan “Allah ya yafe masa,” da wata irin murya da ba a yi wa kowane mamaci.

Yau ana noman inabi a wasu garuruwan Arewa, ana jera shi a tire a bakin titi. Ina ganin hotunan a waya, kuma cikin masu yaɗa su da kabbara har da waɗanda suka zauna a taron nan suka yi masa hukunci. Nakan tambayi kaina me Shu'aibu zai ce. Na san shi, ba zai ce ai na faɗa muku ba. Zai matso da hoton kusa da ido ya tambaya yaushe suka datse rassan, domin abin da ya fi damunsa ke nan. A La Manca sanyin hunturu ne ke sa kuranga ta zubar da ganye ta huta. A ƙasar zafi kuwa sai manomi ya tsige mata ganyen da hannunsa, ya hana ta ruwa, sannan ta yarda ta yi 'ya'ya.

Abin da ya sa na kasa shiru bana shi ne Hanifa, 'yarsa. Tana ƙarama suka koma gida da mahaifiyarta, yanzu ta dawo garin nan karatun jami'a. Watan jiya ta je walimar suna a Cheras, wata dattijuwa ta riƙe hannunta cikin fara'a ta ce, “Au, ke ce 'yar Mai Kwalba?” Matar ba da mugunta ta faɗa ba, ta manta ma asalin sunan. Magana zarar bunu ce. Yarinyar ta hau jirgin ƙasa ta zo gidana, ko mayafinta ba ta ajiye ba ta ce, “Baffa, Abba yana sha ne?”

Na kai ta baranda na nuna mata kurangar ubanta. Tana nan a bokitin fenti, ƙarƙashin ledar da ke kare ta daga ruwan sama. Ina tsige mata ganye yadda ya koya mini, takan ba ni 'ya'ya kaɗan masu tsami. Wannan da sunan banza su ne abin da ya bari a garin nan, kuma abin takaicin shi ne sunan ya fi kurangar yabanya, ba tare da kowa ya yi masa ban ruwa ba. Na ce wa Hanifa, “Wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba.”

Ta shafa ganyen, ta ce, “Na sani, Baffa. Umma ta gaya mini. Amma kullum a cikin ɗaki ake gaya mini, su kuma a tsakar taro suke faɗin nasu.”

To ga shi na faɗa a tsakar taro, Hanifa. Ubanki bai sha ba. Sunansa Shu'aibu.