Hannun da Ya Tare Keken Tatsuro

Tun kafin a buɗe filin tseren keke, Genzo Kuramochi mai gyaran keke ya riga ya share shagonsa da ke ƙarƙashin mazaunin 'yan kallo, ya barbaɗa gishirin tsarki a dokin ƙofa, ya wanke hannu. Sai ya bi kekunan da ke rataye yana gaishe su da sunayen masu su. Mu 'yan garin nan na bakin teku mun sha yi masa dariya a kan haka. Yanzu kam bakinmu ya mutu.

Keken tsere ba shi da birki, kuma muddin ƙafar baya tana juyawa, dole feda ta juya. Shi ya sa duk wanda ya leƙo shagon, tsawa ce gaisuwarsa: "Kai, janye hannunka! Sarƙar nan ba ta san uban kowa ba." Shekara da shekaru yana kwance kekuna, ya jiƙa sarƙa a kananzir, ya jera 'ya'yan boris a farin ƙyalle, amma ko ƙwarzane bai taɓa samu ba.

Keke ɗaya ne bai taɓa sa wa sifana ba, na Tatsuro Nagamine, wanda ya faɗi a kwanar ƙarshe aka ɗauke shi bai ƙara magana ba. Matarsa Fumie ce ta turo shi bayan an tashi daga zaman makoki.

"Baba, ka riƙe shi. Ni dai ba zan ƙara kwana gida ɗaya da shi ba."

Bai tambaye ta dalili ba, ya rataye shi. Haruyo mai shara ce ta fara ganin dalilin. Da rana tsaka, tagogi a rufe, sai ga ƙafar tana juyawa a hankali, feda na hawa da sauka, ba kowa a kan sirdi. Ta saki tsintsiya. Genzo ko kai bai ɗaga ba.

"Ƙyale shi, Haruyo. Bai gama zagayensa ba."

Bara Ibuki, ɗan Tatsuro tilo, ya zama cikakken ɗan tsere, ya kafe a kan keken ubansa zai yi fitowarsa ta farko. Fumie ta biyo shi har shagon, ido jawur.

"Baba, hana shi! Kwanar da ubansa ya faɗi za a kai mini shi."

"Haba Inna, ƙarfe ne fa," in ji Ibuki.

"Ƙarfe ne mana, sarkin sani," Genzo ya ce. "Amma da mai shi a kai. Bari in sauke shi tukuna."

Ya sauko da keken, ya ɗaure shi a kan marataya ta aiki, ya barbaɗa masa gishiri. Ya cire sirdi, ya cire kai, ya sassauta notin baya. Su ukun nan, Fumie da Ibuki da Haruyo, bakinsu ɗaya a kan abin da ya biyo baya. Ƙafar ta soma juyawa da kanta, tana ƙara gudu, har wayoyinta suka ɓace wa ido. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana kowa taɓa sarƙa mai tafiya, shi ne ya miƙa hannun dama ya damƙe ta.

"Tatsuro, ka iso. Sauka haka nan."

Keken ya tsaya cak. Haƙoran ƙarfen suka tafi da yatsunsa biyu.

A asibiti likita ya yi ta faɗa, wai tsufa ne da ganganci. To, ya faɗi nasa. Genzo dai cewa ya yi da Fumie: "Dole Tatsuro ya tafi da wani abu, 'yata. Gara nawa da na yaron."

Da hannu a naɗe ya zauna a kujera yana masifa, Ibuki na harhaɗa keken da sabuwar sarƙa. Tsohuwar sarƙar aka naɗe ta a farin ƙyalle aka kai haikali. Ranar tseren Ibuki ya zo kusan na ƙarshe, amma ya wuce kwanar nan lafiya lau. Ban taɓa ganin uwa tana kukan murna don ɗanta ya sha kaye ba sai ranar, kuma ni ma sai da na share ido.

Baba Genzo, kai ne birkin marasa birki. Ba a taɓa kiran sunanka a lasifika ba, ba wanda ya rataya maka fure. Hannun nan ba zai ƙara riƙe sifana ba, ka kuma san da haka sarai lokacin da ka miƙa shi.

Watan jiya ya rufe shagon. Ya bi kekunan yana yi musu sallama, da ya zo kan ƙusar keken Tatsuro da yanzu ba komai a kanta, sai ya wuce.

"Ba ka gaishe da wannan ba," in ji Haruyo, tana tsokanarsa.

"Ai ya tafi gida."

Mun gode, Baba, da bakin Fumie da na gari duka. Ku kuma masu gyara da za ku gaje shi, ku duba da kyau wa ke kan keken kafin ku kwance shi. In kun gamu da tsohon a bakin teku, ku sunkuyar da kai sosai. Da hagu zai ɗaga muku hannu.