Zambon da na sa aka yi wa Yayana

Malam Edita, sallama da fatan alheri. Da za a ce in zaɓi abu guda a rayuwata a goge shi, ba giyar da na sha zan zaɓa ba, ko sallolin da na bari suka wuce ni, duk da nauyinsu. Maganar da na raɗa wa wani mai kukuma a bayan wani gidan kiɗa a Dutsin-Ma zan zaɓa. Yau gemuna ya yi fari, ina da jikoki, ana kirana Alhaji, amma duk ranar da na ji ƙarar kukuma a rediyo sai yawu ya taru mini a baki kamar mai shirin amai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin ambaton da na sa aka yi a baya ya isa.

A wancan lokaci, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ni saurayi ne da ya gama firamare ya tsaya nan. Mutumin wani ƙauye ne ni kusa da Birchi, ta ƙasar Kurfi. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yayana ne ya riƙe ni da Inna, shi ne kuma ladanin masallacin unguwarmu, don Allah Ya ba shi murya. Da aka fara aikin madatsar ruwa sai na gudu daga gona na sami aiki a kamfanin, har aka ɗora ni a kan wasu leburori saboda na iya rubuta sunaye. Na kama ɗaki a Dutsin-Ma, na sayi wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudu, na tara suma. A ganina na zama mutum.

Wani abokina direban tifa ne ya fara kai ni wurin. Gida ne a bayan gari, na wata mata 'yar kudu, Kirista, da kowa ke kira Madam. Tsakar gida ce kawai aka yi wa rumfar kwano, da bencina, da injin wuta mai tari kamar tsoho, da ƙwan fitila ja da shuɗi. Ranar Asabar wasu samari 'yan kudu ke zuwa da jita da ganguna su yi wa ma'aikatan asibiti da na kamfani kiɗan garinsu. Sauran ranaku kuwa na mai kukuma ne da 'yan amshinsa masu kiɗan ƙwarya. A lokacin gani nake babu wurin da ya kai shi daɗi a duniya. Yanzu in na tuna, warin ne ke fara zuwa mini: tsamin giya da ta zube ta bushe a ƙasa, zarnin fitsari daga bayan zana, hayaƙin taba, gumin mutane da turare mai arha. Ƙudaje ma ba sa barci a wurin. Na sha ganin magidanci mai 'ya'ya ya yi amai a kan takalminsa, ya share baki da hularsa, ya koma fili yana rawa ana yi masa tafi. Ni ma ina cikin masu tafin.

Abin da ya fi jan mu shi ne mai kukuman nan ya kama sunanka. Da ka shigo zai sauya kiɗa, ya kira ka da sunan da ubanka ma bai san ka da shi ba, ya ce kai ne maganin leburori, kai ne Turawan kamfani ke tsoro. Kai kuma sai ka tashi kana rangaji ka manna masa kuɗi a goshi. Kuma ba yabo kaɗai yake sayarwa ba. In kana da abokin gaba, sai ka ja shi gefe ka ba shi labarin mutumin, kafin mako ya zagayo ya ɗinka masa zambo. Ba ya faɗin suna, sai dai ya kwatanta mutum ta yadda ko yaro zai gane. Mun sha dariyar mutane da yawa a haka, ban taɓa tambayar kaina yadda suke kwana ba.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar damina, na daɗe ban leƙa gida ba, sai ga Yaya. Ya nemi ɗakina bai same ni ba, aka kwatanta masa wurin. Bayan isha'i ya shigo yana tura baƙin kekensa, don bai yarda ya bar shi a waje ba, ƙafar wandonsa ɗaure da igiya, rigarsa ta jiƙe da yayyafi. Ya yi sallama a gidan da ba a sallama. Bai dubi kowa ba, bai dubi kwalbar da ke gabana ba, ya kama hannun rigata ya ce mini Inna tana kwance, in taso mu tafi. Wata daga cikin matan wurin ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ashe shugaban leburori bai gama shan nono ba, a yi sauri a mai da shi. Direban tifa ya ce Malam ya zauna mana a kawo masa mai sanyi ya wanke maƙogwaro saboda asuba. Na fizge hannuna na ce masa ni ba yaro ba ne. Ya dube ni, ya ce to, Allah Ya shirya, ya juya kekensa ya fita.

Na je gida bayan kwana biyu, na tarar Inna ta sami sauƙi, na dawo. Amma a gidan Madam an samu abin wasa. Da na shigo sai wani ya sa hannu a kunne ya yi kamar zai kira salla, sauran su ce ga ƙanin ladan, a ɓoye kwalabe. Mai kukuma ma ya daina ce mini maganin leburori, ya koma ce mini ɗan autan Inna. Maimakon in ji haushin masu yi mini dariya, sai duk haushin ya koma kan Yaya. Na riƙa gaya wa kaina shi wane ne da zai zo ya nuna mini tsarki a gaban mutane, alhali na san abin da na sani.

Ga abin da na sani. A shekarar farin nan da ta kashe shanu, ina ɗan makaranta, mun kai matsayin da Inna ke dafa mana ganye babu ko garin da za a barbaɗa. Ni ne na fara kumbura. Wata rana Yaya ya hau rumbun wani dattijo maƙwabcinmu ya zaro damin gero guda. Inna ta yi kuka, amma ta daka ta yi tuwo, na ci. Washegari Yaya da ƙafarsa ya je ya gaya wa dattijon. Dattijon ya kai shi gaban mai unguwa su uku kawai, ya ce ya yafe, kuma kada maganar ta fita. Duk da haka da aka samu damina Yaya ya mayar da damin, ya kuma yi masa noma. Maganar ta mutu a nan, har aka ba shi ladanci.

Ita na tono. Na ja mai kukuma bayan zana, a cikin zarnin nan, na ba shi. Abin da ke ƙara tayar mini da zuciya shi ne yadda ya saurare ni, kamar tela yana awo. Ya tambaye ni rumbun na ƙasa ne ko na kara, a ka ya ɗauko damin ko a kafaɗa, wane launi ne keken. Duk na amsa. Madam ta fito zubar da ruwan wanke kofuna ta ji mu. Da gurguwar Hausarta ta ce mini ɗana, wannan mutumin da ya zo cikin ruwa saboda mamanka ne za ka sa a waƙa? Ta ce ita giya take sayarwa, ba ta son a yanka ɗan'uwa a gidanta. Na ce mata ta je ta ji da kofunanta. Matar da nake ganin na fi ta addini ita ta hana ni, ni na ƙi.

Ranar da mai kukuma ya fitar da waƙar gidan ya cika. Ya kwatanta wani ladani mai baƙin keke daga wajen Birchi, wanda da asuba yake kiran mutane, da dare kuma rumbu ke kiransa. 'Yan amshi suna cewa a rufe rumbu ga Malam nan tafe. Kiɗan ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, irin wanda ke maƙalewa a ka. Mutane suka riƙa faɗuwa kan bencina don dariya. Na shiga fili na yi rawa, na yi masa liƙi har aljihuna ya bushe. A daren nan aka daina ce mini ƙanin ladan, na koma ɗaki ina jin na yi nasara.

Na zaci waƙar a gidan za ta tsaya. Wani ya ɗauke ta a kaset. Direbobi suka riƙa sa ta a mota, masu shayi suka samu, mai kukuma ya je wani biki a Kurfi aka roƙe shi ya maimaita ta har sau nawa. Kafin a yi girbi ta isa ƙauyenmu a bakin 'yan kasuwa. Aka gaya mini wata magariba Yaya ya ɗaga murya zai kira salla, yara daga bayan masallaci suka amsa masa da a rufe rumbu. Ya ƙarasa kiran. Daga ranar bai sake yi ba. Babu wanda ya tsige shi, shi ya je ya gaya wa liman a nemi wani.

Dattijon mai rumbu ne ya zo ya same ni a bakin aiki, da sandarsa, ya hau motar kasuwa saboda ni kawai. Bai karɓi gaisuwata ba. Ya ce mai unguwa ya rasu da maganar a cikinsa, shi bai faɗa ba, Inna ba za ta faɗa ba, to saura wa? Ya ce geron nasa ne, ya yafe tun ina zubar da majina, ni mene ne nawa a ciki ban da tuwon da na ci? Leburorina suna tsaye suna ji. Ya tofar da yawu a gefen takalmina mai tudu ya tafi.

Da yamma na je wurin mai kukuma na roƙe shi ya bar waƙar. Yana cin tsire, bai ko daina tauna ba. Ya ce ai ranka ya daɗe waƙa ta bar hannunsa, in je in roƙi direbobi da 'yan mata masu talla. Sannan ya matso ya ce in ina so, zai yi wa Malam wata ta yabo, ya wanke shi tas, ya yi mini ragi tunda ni na gida ne. Na dubi man tsiren da ke gangarowa a haɓarsa, na dubi wurin da rana ba ta gama faɗuwa ba, ba jan ƙwai ba shuɗi, sai kwalabe da ƙudaje da wani da ya kwana cikin fitsarinsa tun jiya. Nan ne wurin da na sayar da Yaya don a daina yi mini dariya. Ban sake taka gidan ba, amma wannan bai gyara komai ba.

Yaya ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Kuki, wurin dangin matarsa, yana noma gonar aro. Inna ba ta yi mini baki ba. Abin da ta yi shi ne, duk abin da na kawo mata, ko sukari ne ko atamfa, sai ta sa a miƙa wa maƙwabta a gabana, har ta koma ga Allah. Na daɗe ban iya zuwa Kuki ba. Ranar da na je, Yaya ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura, ya tambayi aiki. Na fara ba shi haƙuri ina kuka, ya ce ya isa, ya yafe tuntuni, don ba ya son ya tsaya da ni gobe a gaban Allah. Sai ya ce abu guda kawai yake so ya sani: da nake ba mai kukuma labari, na gaya masa cewa shi Yaya bai ci tuwon nan ba? Na tuna sarai, a daren yana zaune a bakin ƙofa ya juya mana baya, ni ina suɗe kwano. Na sani, ban faɗa ba, domin da na faɗa waƙar ba za ta yi daɗi ba.

Yaya ya rasu a can, bai sake kiran salla ba ko sau ɗaya. Kamfani ya tashi, Madam ta koma garinsu, gidan ya zama wurin ajiye siminti. Waƙar ce ba ta mutu ba. Shekaru bayan haka na je suna a gidan ɗansa, da yamma 'yan mata suka fito gaɗa, sai na ji suna tafi suna cewa a rufe rumbu ga Malam nan tafe. Ba su san wane Malam ba ne. Wadda ke tsakiya tana bayarwa jikarsa ce, kuma muryarsa ta gado. Na tashi na zaga bayan gida na amayar da abincin sunan.

Abin da na koya shi ne, mutanen da ke tafa maka a irin wannan wuri ba kai suke so ba, abin dariya suke nema, kuma in ka ƙare za su karɓi na gidanku. Yanzu ba a buƙatar mai kukuma, na ga jikokina da waya a hannu kowa na iya yin abin da na yi kafin ya gama shan shayi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah, in ɗan'uwanka ya ɓata maka rai, ka je ka same shi ku biyu ka faɗa masa, ko da za ku yi faɗa. Kada ka kai sirrinsa inda ake tafi. Wanda kuma ya ji tausayi, kada ya ji nawa, ya yi wa Yayana addu'a.