Ƙasar Sawuna Tana Tarai

Rano, biyar da rabi na asuba

Ana sallame salla na tada babur, Dakta Rabi, ƙanwar matata, tana baya da ledoji da cokali. Ni da karatu ya tsaya min a aji biyu, yau ni ne direban masu digiri.

Wai a cikin ƙasa akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu kashe tsutsar wake, kuma dangi-dangi ne, kowane da tsutsar da yake iyawa da ita. Damina uku tsutsa tana cinye min wake, maganin feshi kuwa kamar romo nake zuba mata. Dakta ta ce in an dace da dangin kirki, a gonata za a fara gwadawa.

Rurum Sabon Gari, bakwai saura kwata

Shinge ɗaya muka tarar. Ɗan sanda ya leƙa jaka, ya ga cokali, ya ce mu gaida amarya. Dakta ta ɗebi ƙasar gona uku, muka karya da koko da ƙosai. Na ce mu cika buhu a nan mu huta, ƙasa ai ƙasa ce.

"Yaya Sale, kai da limaminku duk 'yan Rano ne. Halinku ɗaya?"

Na hau babur, muka kama hanya.

Tarai, sha ɗaya da minti goma

Mun ratsa Kibiya ba tsayawa, sai gonar Malam Jauro, wani dattijon Bafillace. Wake kore shar, ko huda babu, kuma bai taɓa feshi ba. Dakta ta durƙusa da cokali, tsoho ya ɗaga sanda.

"Ƙasar gonata? Wane boka ya aiko ku?"

"Baffa, bincike ne."

"Shi ma boka bincike yake cewa."

Na yi rantsuwa har maƙogwaro ya bushe. Ya ƙare min kallo.

"Kai mai baki, cire takalmi. Taka nan."

Na taka. Ya kwashe ƙasar sawuna tsaf, ya ƙulle a gefen riga.

"To ku ɗiba. Ran da wakena ya lalace, na san inda zan kai wannan."

Dakta tana ɗiba tana dariya har da hawaye. Sawunta kuwa ba wanda ya taɓa.

Gida, bayan la'asar

Mun iso lafiya, godiya ta tabbata ga Allah, da mai facin Kibiya da ya gyara mana taya a dawowa. Sakamako wai sai bayan kaka. Ni da ban taɓa yi wa gonar wani fatan alheri ba, yanzu kowace salla waken Jauro nake fara yi wa addu'a, sannan nawa.