Tulun Maƙwabcina da Tukunyar Gas

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Pantai Dalam can ƙasar Malay, akwai wani dattijo ɗan Cana da ƙofarmu ke kallon tasa. Na sha ganin ana shigo masa da wani tulun ƙarfe mai famfo. Ranar da maigidana ya ce min ai giya ce a ciki, na janye jikina. In ya ce "Sudah makan?", wato na ci abinci, sai in gyaɗa kai in turo ƙofa.

Walimar gama karatun digirin dakta na maigidana ta faɗo cikin hutun sabuwar shekarar 'yan Cana. Na gayyato mata har daga unguwar Setapak, ƙullun waina ya tashi, sai na ɗaga tukunyar gas na ji ba nauyi. Mai kawo mana gas kuwa ya tafi garinsu.

Maigida ya fito da ita baranda yana jijjigawa, yana kara kunne. Ya ce, "A lissafina za ta kai."

Na ce, "Dakta, lissafi ba ya soya waina."

Ƙarar ce ta fito da dattijon. Da ɗan yaren Malay ɗin da na tsinta a kedai, wato kantin unguwa, na yi masa bayani. Ya ce in kawo ruwan ɗumi. Ya kwarara a jikin tukunyar, ya ɗan jira, ya ce in shafa daga sama zuwa ƙasa.

"Inda kika ji sanyi, nan gas ya tsaya. Haka nake yi wa tuluna, kar abokai su zo in ji kunya."

Sai can ƙasa na ji sanyin, bai fi yatsu biyu ba. Ya shiga gida, ya mirgino tasa tukunyar.

Na ce, "Ankal," don haka ake kiran dattijai a can, "ai yau bikinku ne, ku ma kuna da baƙi."

Ya ce, "Bana yarana ba za su zo ba. Ɗauki, lah," wato in ɗauka kawai.

Waina ta soyu, mata suka ci har da tapau, wato guzurin tafiya gida. Na cika faranti na kai masa da kaina. Washegari ya dawo da shi da lemo biyu a ciki.

Ban taɓa son abin da ke cikin tulun nan ba, har gobe. Amma wata da watanni ina auna mutum daga nesa, ban san me ke cikinsa ba. Yanzu duk sanda tafina ya taɓa sanyin nan a jikin tukunya, sai in yi masa addu'ar alheri, in kuma ji kunyar ƙofar da na dinga turowa.