Ranar da Taɓare Suka Huta

Ana sallame sallar asuba muka bar Dutse, ni da ƙanwata mai nazarin ƙarƙashin ƙasa da abokan aikinta. Ni ɗan rakiya ne. Titin Kiyawa lafiya lau, a Jahun kuma muka karya da waina mai zafi, ko da yake ta ƙanƙance tun zuwana na bara.

Wani ƙauye muka nufa bayan Miga. Sau biyu ana haƙa musu rijiyar burtsatse ba ruwa, masu injin haƙa kuma sun ce wannan ne gwajin ƙarshe, gobe za su wuce. Matan garin nesa suke zuwa ɗibar ruwa.

Aikin ya burge ni. An jera ƙananan na'urori a ƙasa kamar shukar gyaɗa, ana dukan farantin ƙarfe da guduma, na'urorin kuma suna sauraron amsa-kuwwar da ke dawowa daga cikin ƙasa. Ƙanwata ta ce amsar a karkace take dawowa, sai lissafi ya mayar da kowace inda ta fito kafin hoton ƙarƙashin ƙasa ya fita. Da can sai an kai bayanan birni an jira makonni, sabuwar hanyar lissafin kuwa a yini take gamawa.

Sai hoton farko ya fito a dagule. Ashe matan garin ne suka duƙufa dakan gero don su yi wa baƙi fura, na'urorin kuma suna ɗaukar kowane bugun taɓarya. Karamcinsu ya kusa kashe aikin!

Ƙanwata ta durƙusa gaban uwargidan mai gari.

"Inna, a taimaka a dakata da daka zuwa la'asar."

"Baƙi su yini da yunwa a garinmu? To, 'yar nan, in dai ruwa ne, mun haƙura."

Ban taɓa jin ƙauye ya yi tsit haka ba. Kafin la'asar hoto ya fito tangaram, ya nuna shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa gabas da inda aka yi ta haƙa. Nan aka kafa turke, alamar inda za a haƙa.

Mun dawo Dutse a gajiye, cikinmu ba fura. Na koyi cewa ilimi komai saurinsa sai mutanen gari sun ba shi wuri. Bayan kwanaki Inna ta aiko da ƙwarya cike da fura, da saƙo: da ruwan sabuwar rijiya aka dama.