Kawuna da Baitin Zakkar Shanu

Kawuna malami ne a Jega, amma in ka wuce unguwarmu kaɗan ne suka san shi. Waƙoƙin karantarwa yake rubutawa da ajami, a kan tsarki da gado da zakka, wasu da Hausa, wasu da Fulatancin da ya koya wurin kakarsa. Ba a taɓa buga ko ɗaya ba. Masu karatu a wurinsa ne ke kwafa da hannu, su tafi da su ƙauyukansu. Bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko darasi yake bayarwa sai ka ga yana kai da komo cikin zaure.

Shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi ina fataucin albasa, kuma ina da babur. Wata safiya ina shirin tafiya Aliero sai ga shi, rawani a karkace.

"Ɗana, aje albasar nan. Na yi kure."

"Kuren me, Kawu?"

Ashe a waƙarsa ta zakkar shanu ya sa shekarun maraƙin da ake fitarwa ba daidai ba. Baiti ɗaya ne tak, amma waƙar ta daɗe da shiga rugage, makiyaya sun haddace ta.

Na ce, "Ai sai a aika musu."

Ya ce, "Ni na sa musu a baki, ni zan cire."

Muka fara da Fagada. Wani tsohon ɗalibinsa ya fito da kwafinsa, Kawu ya kankare baitin da wuƙa ya sake rubutawa, ko ruwa bai tsaya sha ba. A Karaye mai kwafin ya ce ya ara wa surukinsa, surukin kuma ya ba wani. Kawu yana bayana a kan babur yana rera sabon baitin, yana dukan kafaɗata in ƙara wuta. Ni kuwa hankalina na kan albasata da na bari a rana.

A Gumbin Kure muka tarar da kufai. Wata tsohuwa da aka bari da jikoki ta ce masu shanun sun yi kudu tun bayan girbi. Kawu ya tsaya yana kallon sawun shanun da ya bushe a laka. Sannan ya durƙusa gabanta ya yi ta maimaita mata baitin har ta riƙe.

"Inna, in sun komo ki gaya musu."

"In na kai lokacin, Malam," in ji ta.

Daga nan bai sake fara sabuwar waƙa ba. Duk ranar kasuwar Maiyama sai ya hau mota ya je wurin masu sayar da nono, yana tambayar kowace daga wace ruga take, yana biya mata gyaran. Wasu suka ɗauka ya taɓu. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji.

A damina ya kwanta ciwo. Da na je gaishe shi, ƙafarsa na ta motsi ƙarƙashin mayafi. Ya tambaye ni ko shanu sun fara komowa. Na ce sun fara. Ya ce in duba mai a babur, da zarar ya ji sauƙi za mu fita. Ciwon da bai tashi ba ke nan. Takardunsa suna hannun ƙaramin ɗansa, wanda yake koyar da su har yau a zauren nan.