Lawashin Cikin Taya

Ni mai faci ne. Sama da shekara ashirin ina zaune a bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri, ina cire ƙusa daga tayoyin mutane. A aji huɗu na bar makaranta. Idona ya gaji da baƙin roba, bayana ya gaji da sunkuyo.

Wata shekara matata ta ce in kawo mata tsohuwar taya. Ban tambayi dalili ba. Na garo mata wata ta tirela da ta gama suɗewa, tun daga bakin titi har unguwarmu Dogo Nini. Ta kwantar da ita a kusurwar tsakar gida, daidai inda nake tsugunawa in yi alwala. Ta cika ta da ƙasa da busasshen kashin shanu da ta samo wurin maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Bafulatana da 'ya'yanta suka bar daji suka zauna gari. Sai ta jera gindin albasa, irin wanda ake yankewa a zubar in za a yi miya, layi uku.

Ruwa a unguwarmu wahala gare shi. Ta ce tana jin takaicin ruwan alwala da ke bin ƙasa a banza, don haka daga ranar in riƙa miƙa hannuna a kan tayar. Ni asuba da magariba da isha, ita sau biyar. Iyakar ban-ruwan ke nan.

Ban san ranar da albasar ta fito ba. Na dai buɗe ido wata safiya na ga kore tsaye a cikin baƙi, kowane ganye da ɗigon ruwa a kansa. Na daɗe da buta a hannu ina kallo. Daga lokacin, in rana ta take aiki ya ɗauke, na jingina da bishiyar maina ina gyangyaɗi, sai in ga motocin shanu suna wucewa a hankali ba ƙara, lawashi ya tsiro ta kowace taya yana kaɗawa, titin duka yana ƙamshin miyarta. Sai wani direba ya danna hon in farka.

Da wannan lawashin take gyara komai. Burabusko da miyar yakuwa, kwaɗon zogale, ƙwai in kaji sun yi. In ya yi yawa ta daka shi ta dunƙula gabu, ta shanya a faifai, ƙamshin ya kwana biyu bai bar gidan ba. Ni nawa ci ne. Ban taɓa tsayawa na ga yadda take ɗiban sa ba.

Sai ciwo ya kwantar da ita. 'Yarmu ɗaya ce, tana gidan miji a nesa, ni kuma ina bakin titi wuni. Yayyenta suka zo suka ce za su kai ta garinsu Gadaka wurin mahaifiyarta ta yi jinya. An kwantar da ita a bayan mota, ta kamo bakin rigata.

"Malam, albasata."

Na ce na ji.

Na kula da ita kuwa. Ban taɓa alwala a wani wuri ba in ina gida. A mako na uku tuwon kasuwa ya ishe ni, na hura wuta na ɗora dafa-duka. Na je kan tayar. A kasuwa na saba ganin lawashi ɗaure da saiwarsa, na ɗauka haka ake yi. Na kama na tuge. Abin da ya zo hannuna bai cika ido ba, na ƙara, na ƙara, har tayar ta koma ƙasa zalla. Na yanka na zuba a tukunya, na watsa gindin kan tulin toka a bayan ɗaki. Na ci, ya yi kusa da nata kaɗan.

Da magariba na tsuguna, na zuba ruwa a hannu, na ji ya sauka a ƙasa tim. Da can a kan ganye yake sauka, da wani ɗan sauti mai laushi da ban san ina jin sa ba sai ranar. Na san abin da zan faɗa ba addini ba ne, rai na hannun Allah. Amma zuciyata ta ƙulla cewa in albasar nan ta tafi, mai ita ba za ta dawo gidan ba.

Da safe tsohuwar Bafulatanar ta shigo ɗiban ganye biyu kamar yadda ta saba. Hausarta ba ta raba namiji da mace, ke take ce mini. Ta leƙa tayar ta ɗago.

"Ke mai faci, akuya ya shigo?"

"Ni ne akuyar, Inna."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce yanka ake yi, a bar tsawon yatsu biyu a ƙasa, shi ne yake sake tofowa, ko saniya ta san ba a cin ciyawa da saiwa. Ta tambayi inda na zubar. Muka tsuguna kan toka, ni da furfurata ita da tata, muna tonawa. Kaji sun riga mu. Guda bakwai muka samu, sun yi yaushi. Ta wanke su ta binne, ta kifa tsohon kwando saboda rana. Ta ce kada ƙasar ta bushe ko na wuni ɗaya.

Sai na fara rufe aiki da azahar da la'asar, in tako gida in yi alwala a kan tayar, tunda mai yin sau biyar ba ta nan. Direbobi suna mita, wani ya ce ko amarya na ajiye a Dogo Nini. Na bar shi da zatonsa. Kullum in ɗaga kwandon in ga ƙasa. A kwana na biyar wani tsinke kore ya leƙo, sirara kamar allura. Huɗu suka tashi, uku suka ruɓe.

Bayan wata biyu aka dawo da matata. Ta rame, tana tafiya tana dafa bango. Ba ta shiga ɗaki ba, kan tayar ta nufa, ta tsaya tana kallo.

"Layi uku na bari."

Ta juyo ta dube ni.

"Tugewa ka yi."

"Na tuge."

"Ka ci da me?"

Na ce dafa-duka. Ta tambaya ko tun tukunyar tana kan wuta na zuba, na ce eh. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce sai an sauke ake zubawa, na kashe albasa kuma na kashe ƙamshi. Ta zame ta zauna a gefen tayar, ta ce in kawo wuƙa. Na miƙa mata, ta ƙi karɓa. Ta kamo nawa hannun ta ɗora yatsuna biyu a gindin ganyen.

"Daga nan, Malam. Ɗaya kawai. Ka bar sauran su huta."

Na yanka. Ƙamshin ya taso tsakaninmu, ta lumshe ido.